Takobin Takarda

Lubabatu ta shigo maƙera bayan la'asar,
da littafin lissafi da biro ya cinye har bango.
Ta ce, "Kaka Arzika, karanta ka gaya mini."
Na ce boko ya wuce ni tun ina yaron zuga.
Ta ce, "Zane na. Ido ka karanta shi."

Na share gawayi a gefen riga, na buɗe.
Ta tsaga shafi gida-gida kamar filayen Mabera,
kowane gida da mutanensa,
magana na fita daga bakinsu cikin 'yar ƙwarya.
Ga jarumarta, Gwamma,
ta sare kawuna bakwai a gida ɗaya,
ko ɗankwalinta bai goce ba.
Ga boka yana ta aman wuta
kamar ba da kuɗi ake sayen itace ba.

Na rufe.
Na jawo takobin da wani Bagobiri ya kawo gyara
shekara uku ke nan, bai dawo ba.
Na ce, riƙe.
Wuyan hannunta ya lanƙwashe, tsinin ya caki ƙasa.
Na ce, to wannan nauyin
shi na nema a takardarki ban samu ba.

Takobi yana dakushewa, jikata.
Ƙota tana cin tafin hannu.
Wanda ya yi sara bakwai da safe
ba ya iya ɗaga ludayin fura da yamma.
Nuna mini Gwamma tana tsoro, sai in bi ta.

Tsafin nan kuma, wa ke biya?
A nan ƙarfe ba ya yin ja sai gawayi ya mutu.
In bokanki zai kira guguwa daga Gulbin Rima,
a karɓi wani abu a hannunsa:
ɗanɗanon gishiri, ko barcin dare,
ko sunan wani da yake ƙauna.

Dodon ma kin cika masa haƙora.
Ɓoye shi.
Zana mini jaki da ya je mashaya ya ƙi sha,
zana sawu ɗaya a laka.
Sauran ni zan ƙera da kaina,
a wannan farin layin da ke tsakanin gida da gida.
Tsakanin guduma da guduma akwai shiru,
a nan ƙarfe ke yanke shawara.

Ta fizge littafinta, ba sallama.
Kwana goma sha biyu ban ga ƙeyarta ba.
Uwarta ta aiko cewa na cika baki,
na kuwa yarda.

Daren wata Alhamis, an ɗauke wuta a unguwa,
sai ga ta, ta haska mini fitilar waya.
Shafi na uku takobin Gwamma ya karye.
Ta naɗe guntayen a zane, tana ɗingishi,
ta kai wa wani tsohon maƙeri mai mita,
hularsa a karkace, hancinsa irin nawa.
Ban ce komai ba.

Boka ya kira guguwarsa, ta zo, ya ci gari.
Gida na gaba, wata yarinya ta kawo masa ruwa,
ya buɗe baki zai kira ta,
ƙwaryar maganar fayau, babu ko ɗigo.

Lauje na cikin wuta, na manta da shi,
ya ƙone har ya zama ba lauje ba.
Shafin ƙarshe: ƙofa a buɗe kaɗan,
inuwa a ƙasa, ba mai ita.
Na juya bango, na sake juyawa.

Na ce, ina sauran?

Ta kashe fitila, ina jin murmushinta a duhu.
Ta ce, "Biro ya ƙare, Kaka.
Ɗari biyu na, shagon Ɗanjumma."